Sistar da Ke Rufe Idon Masu Rai

Kafin masu shara su gama goge ƙasa, ta riga ta shiga ɗakin masu ciwon jijiya da ƙaramin tirenta: maganin ɗigo, auduga da filasta. Gado-gado take bi, tana duba idon mutanen da jikinsu ya shanye amma suna ji suna gani. Sista mai ɗigo ake ce mata. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki don hannunta ya fara rawa, kuma har yau ba a kawo magajiya ba.

Jinyar ƙanwata ce ta haɗa mu. Gudawa ta yi, ta warke, sai ƙafafu suka ɗauke, sai hannuwa, sai fuska. Likita ya ce gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta a cikinta, wataƙila su suka rikita garkuwar jikinta har ta far wa jijiyoyinta. Wannan "wataƙila" ita ce iyakar abin da muka samu. Idonta ya ƙi rufuwa, kuma likitan ya ce in ya bushe makanta ce.

Ranar da Sista ta fara sa yatsa ta sauke mata fatar ido, innarmu ta cafke hannunta.

"Ke, baiwar Allah! Gawa ake yi wa haka. 'Yata da ranta!"

"Don tana da ran ne nake rufewa, Inna," in ji Sista. "Ki matso ki yi ta yi mata hira, kada duhun ya tsorata ta."

Ni kaina ficewa na yi, zuciyata ba ta iya ɗauka ba.

Sista, ke ce mai aikin da dangi ke kau da kai daga gare shi. An zage ki, an ce hannunki ba alheri, don wasu da kika rufe wa ba su sake buɗewa ba. Kin shanye zagin, kin dawo da safe.

Mun gode, Allah ya saka miki. Ku kuma matasan ma'aikatan jinya, ku je ku koya tun tana nan.

Ƙanwata ba ta sake takawa ba. Amma ranar da 'yarta ta fara tafiya, da idonta ta gani.