Alawar da Na Kawo wa Baba

Ni na kai Baba asibiti a Bagudo, ni kuma na zauna gaban likita ina amsa tambayoyin da shi ake yi wa. Haka nake tun ina yarinya, bakina yana riga na kowa buɗewa. Likita ya ɗora shi a sikeli, ya sa aka auna jini, ya ce suga ya fara hawa, jikin kuma ya yi wa gwiwoyi nauyi. A rage tuwo, a rage man shanu, suga kuwa a yi sallama da shi. Baba ya ce to. Ni na ce, "Likita, ka bar ni da shi."

Baba shi ne limamin masallacin unguwarmu a Illo tun kafin a yaye ni. Masallacin yana jikin katangar gidanmu, bakin lasifikar kuma tsakar gida yake kallo, don haka mun taso muna jin Fatiharsa kamar a kunnenmu yake karantawa. Ba shi da gona mai yawa, ba ya fatauci. Limancin nan shi ne abin da yake tashi dominsa kowace safiya. Rauninsa ɗaya a duniya, zaƙi. Shayinsa sai cokali ya kusa tsayawa a ciki, kuma aljihunsa ba ya rabo da alawa. Kafin Magariba yakan jefa ɗaya a baki, wai tana sassauta masa maƙogwaro.

Ni ce ɗiyar fari, kuma a gidanmu ana riƙe da kunyar nan sosai. Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "wagga". Ba ya cin abinci ina kallo. Inna ma haka, in za ta yi min magana sai ta dubi tukunya. Ban taɓa jin haushi ba, don haka na tarar ana yi. Amma da likita ya ba ni wannan aiki, wallahi na ji daɗi a raina, na ce yau ga wata ƙofa da zan shiga wajen ubana.

Na shiga kuwa da ƙarfina. Na saya wa Inna ƙaramin kwano na ce iyakar tuwonsa ke nan. Na kwashe suga daga gidan kakaf, na zazzage aljihun rigunansa. Ina aure a Bagudo, amma sana'ata atamfa ce, duk mako nakan bi ta Illo in ƙetare iyaka zuwa kasuwa a ƙasar Benin, don haka babu makon da ba na tsayawa in yi bincike kamar ma'aikaciyar kwastan. Baba bai yi musu ba. Sai dai fuskarsa ta faɗa, kuma ran nan ina zaune da Magariba na ji ya tsaya a tsakiyar sura yana tari. Abin ya tsaya min a rai.

A makon ne na ga alawar, a wani kantin magani can ƙetare. 'Yan gwangwanaye ne zagayayyu da hoton lemo a murfi. Mai kantin ya ce min da yaren Dendi babu suga a ciki ko kaɗan, masu ciwon suga ma suna sha. Rubutun jikin gwangwanin Faransanci ne, ni kuwa Faransancina bai wuce na ciniki ba. Ban tambayi komai ba, na ce a ba ni shida.

Da na ajiye su a gabansa na yi masa bayani, ya buɗe ɗaya ya sa a baki. Ya lumshe ido. Sai ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, ya ce, "Allah shi yi miki albarka." Shekarata arba'in da 'yan kai a lokacin, ban taɓa samun wannan kallo daga gare shi ba. Na fita soro na share hawaye da bakin mayafi, na ce ko kantin zan kwashe masa.

Mutumin da aka rage wa tuwo yunwa ce ke cinsa, ga kuma abu mai zaƙi da aka ce ba ya cutarwa. Da ya ji cikinsa ya motsa sai ya jefa biyu ko uku. Gwangwani guda ba ya kwana uku. Ni kuwa murna nake, ina ƙaro wasu.

Bayan kamar wata ɗaya, maƙwabciyarmu ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Ya jikin Liman? Maigidana ya ce haɓo ya matsa masa." Na ce haɓo kuma? Ta ce ai shekaranjiya a raka'a ta biyu ta La'asar ya kama hancinsa, ya jawo na'ibi gaba, ya ratsa sahu ya fita. Jiya ma haka. Na ce shi ke nan, hawan jini ya shigo. Washegari na sa shi a mota muka koma Bagudo, yana cewa a bari ina cewa ba za a bari ba.

Wannan zama na biyu a gaban likita, shi ne abin da ba na iya yafe wa kaina. Likita ya ce, "Malam, me ke damunka?" Na ce, "Haɓo." Ya haska hancin bai ga komai ba, ya auna jini ya ce daidai yake. Sai ya ce, "Ciki fa? Bayan gida lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, ai ni ke tsara abincinsa." Baba yana kallon yatsun ƙafarsa. Likitan ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, ko za ki ɗan ba mu wuri?" Ni da shegen bakina na ce, "Ba komai, ni ce mai kula da shi." Na gyara zama. Da a ce na tashi na fita minti biyar, da duk abin da ya biyo baya bai faru ba. Aka ɗora shi a sikeli aka ga ya ragu sosai, likita ya yaba, kaina ya ƙara girma. Aka ce wataƙila bushewar hanci ce. Tunda bushewa ce, na ce, sai a ƙara alawa.

Alamu duk suna gabana. Butoci uku na gani jere a ƙofar bayan gida, da can ɗaya ce. Inna kullum tana dafa ganyen sabara. Baba ya daina zama da ɗalibansa a soro bayan Azahar. Wata rana ina gaishe shi na ji cikinsa ya yi ƙugi, ya yi maza ya rufe da tari, ya tashi da sauri ya shige. Na tambayi Inna, ta dubi murhu ta ce, "Ki bar shi, tsufa ne." Na bar shi, don hankalina yana kan hanci.

Wata huɗu yana wannan fama. Ran wata Juma'a bayan an gama girbin shinkafa, ya tara dattawan unguwa ya ce jiki ya ƙi, ya miƙa wa na'ibinsa limanci. Aka yi addu'a, aka shafa. Da labari ya same ni na zo a fusace. Na durƙusa a bakin ƙofarsa na ce, "Haba Baba, saboda haɓo? Ai ana magani!" Ya ce, "Mutane ba su yin sallah da zullumin ko liman zai kai su sallama." 

Wata biyu bayan haka gaskiya ta kama ni, kuma a cikina ta kama ni. Ni ma na ga tumbina ya yi gaba, na ce bari in bi sahun Baba. Ran kasuwa na fito ban karya ba, na buɗe gwangwani ɗaya cikin waɗanda na ajiye masa, ina tsotsa a mota. Kafin mu kai Illo na sha kusan rabi. Muna dab da iyaka cikina ya kumbura tim, ya shiga kuka yana murɗawa. Na riƙe, na riƙe, na kasa. Na roƙi direba ya tsaya, na ruga cikin gonar mutane, fasinjoji suna kallo. Sau biyu ana tsayawa saboda ni. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

A kasuwa na zo yin Azahar, alwala ta ƙi zama. In na kabbara sai iska ta kuɓuce. Ina tsugune da buta karo na uku, sai butocin nan uku na gidanmu suka faɗo min a rai. Daga nan na tuna wani karatu da na ji daga bakin Baba da kansa, ina yarinya ina shara kusa da soro yana koya wa ɗalibai. Ya ce in alwalar liman ta karye yana cikin sallah, sai ya kama hancinsa kamar mai haɓo, ya gabatar da wani, ya fita, don ya suturta kansa. Na san wannan. Na sani tun ina da shekara goma. Innalillahi! Butar ta suɓuce daga hannuna.

Ina da wata mai sayen atamfa a wajena, malamar makaranta ce a can. Na kai mata gwangwanin na ce ta karanta min komai, har ƙananan rubutun gindi. Ta kai shi kusa da ido ta ce ai ga shi an rubuta, in aka sha da yawa tana sa zawo. Ta ce abin da ake sawa a madadin suga hanji ba ya iya shanye shi duka, sai ya tara ruwa da iska a ciki. Ɗaya ko biyu ba komai. Ta ce, "Nawa kika sha?" Ni kuwa lissafin na Baba nake yi, wata bakwai, kullum.

Ban yi ciniki ba ranar, na juyo Illo. Na sami Inna tana tsince shinkafa, na tsaya a kanta na ce, "Inna, don Allah, kin taɓa wanke jini a rigar Baba?" Hannunta ya tsaya. Hawaye suka fara sauka cikin faifan. Ta ce ba jini ko ɗigo, zawo ne da iska, kuma shi da kansa ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, balle ni. Ta ce wani lokaci sau bakwai yake zagayawa kafin La'asar. Ita ta ɗauka basir ne. Shi kuwa, in ji ta, ya ɗauka Allah ne ya ture shi daga gaban sahu saboda wani laifi da bai sani ba, kullum yana istigfari yana neman laifin. Nan na zauna a ƙasa na yi kuka kamar an yi mutuwa. Ubana yana tuhumar kansa a gaban Ubangiji, ni kuma duk mako ina ƙaro masa gwangwanaye ina jiran albarka.

Ban iya gaya masa da bakina ba, Inna ce ta gaya masa. Na kwashe gwangwanayen na zuba a masai. Kwana huɗu cikinsa ya lafa kamar ba a taɓa yi ba.

Mako na zagayowa na same shi a soro da yamma, shi kaɗai. Na durƙusa na ce, "Baba, yanzu ka warke. Ka koma ka karɓi masallacinka." Ya girgiza kai. Ya ce, "An naɗa mutum, an yi mishi addu'a, iyalinshi sun yi murna. In je in ce ya ja baya?" Na ce ni zan je in yi wa dattawa bayani. Ya ce, "Ki ce musu mi? Wata huɗu suna yi min addu'ar haɓo."  Na ce ya yafe min. Ya ce, "Ke alawa kika kawo. Kin ga ina tari kika kawo."

Ana cikin haka ladan ya kira Magariba. Baba ya miƙe, ya gyara rawaninsa, hannunsa ya tafi aljihu kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Sai ga gwangwani, ashe ya ɓoye ɗaya. Na ce, "Baba!" Ya ɗauki ƙwaya guda ya sa a baki, ya ɗan yi murmushi bai dube ni ba. Ya ce, "Guda ce. Yanzu ai ba kowa bayana."

Ya fita, na shiga gida na zauna kusa da Inna. Lasifika ta buɗe, wata murya da ba tasa ba ta ja Fatiha har ƙarshe. Da jama'a suka ce amin na kasa kunne iya ƙarfina ko zan tsinci muryarsa a ciki. Ban tsince ta ba. Shekara uku ya ƙara a duniya yana sallah a sahu na biyu, kuma duk Magaribar da ta same ni a gidan sai na kasa kunnen nan, ban taɓa jin sa ba. Ranar da ya rasu, wani tsoho cikin masu gaisuwa ya ce Allah ya sa haɓon nan da ya sha ya zama kaffara. Na buɗe baki, sai na tuna, na rufe. Na ce amin.