Tikitin Jirgin Maman Dorcas

In ka shiga kasuwar shanu ta Talata Mafara ka ce kana neman Zakariya, sai a yi ta kallonka. Amma ka ce Malam Mai Kati, yanzun nan wani zai nuna maka shi da baki: ga shi can tsugune gefen wani bijimi, allura a hannu, tabarau ɗaure da zare. Malamin dabbobi ne. Aiki ya kawo shi daga kudancin Kaduna tun yana saurayi, a nan ya zauna da matarsa Juliana, a nan suka haifi 'ya'yansu mata biyu, Dorcas da Abigail. Bakinsa ma ya juye, in yana magana sai ka rantse a Mafara aka yanke masa cibiya.

Mutum ne marar hayaniya. Ba ya caca, ba ya shiga sabgar da ba tasa ba, daga aiki sai coci sai gida. To, amma kowa da inda Allah ya jarrabe shi, shi tasa jarrabawar a aljihun gaba take, ɗaure da roba: katunan banki, kore da ja da shuɗi da wani mai ruwan ƙasa, har da wanda shi kansa ya manta ranar da ya karɓe shi.

Kada ka yi saurin yi masa dariya, abin yana da asali. Wata shekara Juliana ta je gida jana'izar yayanta. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare motar da ke gabansu. Direbansu ya yi ƙoƙarin juyawa, mota ta faɗa rami, kowa ya yi ta kansa. Cikin gonar dawa ta kwanta, fuska a ƙasa, tana jin kukan mutanen da ake korawa daji. Ta dawo gida da ranta, amma ba ta dawo yadda ta tafi ba. Ko tayar babur ta fashe a waje sai ta saki abin da ke hannunta. Ranar da Zakariya ya tarar da ita tana rawar jiki a bayan ƙofa saboda yara sun buga gwangwani, ya durƙusa gabanta ya ce, "Maman Dorcas, in dai ina numfashi, ba ki ƙara bin hanyar nan. Duk ranar da tafiya ta kama, jirgi za ki hau."

Jirgi! Da albashin malamin dabbobi? Baki shi ke yanka wuya.

Ana nan sai ga wani ma'aikacin banki mai zaƙin baki ya zo ofishinsu tallar kati. Ya ce duk abin da ka saya da katin nan ana rubuta maka maki, makin in ya taru sai ya zama tikitin jirgi, ko cin abinci kyauta a babban otal. Kuma sabon kati da kyautar makinsa ta maraba yake zuwa. Zakariya bai ji komai ba sai "tikitin jirgi". Ya karɓa. Da ya ji wani bankin ma yana ba da ta maraba, ya je ya karɓa. Haka na gaba. Lissafinsa irin na manomi ne: ko gonakinka a warwatse suke, ai rumbu ɗaya za a zuba hatsin.

Matsalar, mutumin da cefanensa bai wuce gero da man gyaɗa ba, me zai saya har maki ya taru? Nan ya fito da dabara. Ya zama ɗan aiken gari. Manoman Dakko za su sayi taki? Su kawo kuɗin a hannu, shi zai biya da kati. Makiyayan Dosara suna son maganin tsutsa? Kada kowa ya wahala, Malam zai sayo. Simintin gyaran coci, buhun shinkafar bikin maƙwabci, man injin ban ruwa na wani a Bakura, duk ta katinsa suka bi. Ko sisi ba ya ci a kai, sau da yawa ma shi ke ɗauko kayan a bayan babur ɗinsa, rana tana dukansa, daga Maradun zuwa inda aka ce. Mutane suka samu banza, wa zai ƙi?

Amininsa Alhaji Nasidi, dillalin shanu, shi kaɗai ke gaya masa gaskiya. "Malam Zakariya, wai mi kaka yi da kanka? Wanga maki naka, ka taɓa ganin shi da ido? Ka sayi ɗan maraƙi in riƙe maka, in tafiya ta taso mu sai da shi. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Sai Zakariya ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, maraƙi ana sace shi. Wa zai kore maki zuwa daji?"

Alhaji ya kau da kai, don shi ma an taɓa kore masa garke.

Shekarar da aka yanke layukan waya a Zamfara aka rufe kasuwanni, Zakariya ya rame kamar mai jinya. Kati ba ya aiki, saye ya tsaya. Da layi ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya, har ya fi da zafi. Juliana kuwa ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba. Wani lokaci dai in jirgi ya wuce can sama takan ɗaga kai daga keken ɗinkinta ta ce, "Baban Dorcas, ga motata can," su yi dariya.

Dorcas ta yi aure, miji ya tafi da ita Abuja. Da damina ta ja baya sai ga waya daga surukinsu Samson: haihuwa ta matso, likita ya ce mai yiwuwa sai an yi aiki, Dorcas kuma ba abin da take kira sai mamanta. Haihuwar fari ce. Wace uwa ce za ta zauna?

Zakariya ya sa rigarsa ta Lahadi, ya bi motar Gusau, ya fara zaga bankuna. Na jan kati suka ce makinsa ya ƙone, don an daɗe ba a taɓa shi ba. Ya tambaya yaushe, aka faɗa masa. Lokacin da babu layi ne. Ya ce to laifin wa? Aka ce haka tsarin yake. Na shuɗi suka yi masa murna: ya ci abincin dare na mutum biyu a wani otal a Legas. Legas! Ya ce a haɗa masa da na sauran katunan, yaron bankin ya dube shi kamar ya ce a haɗa masa Sallah da Kirsimeti. Kowane banki da nasa, ba a gauraya su.

Saura kore, wanda ya fi shan wahala a kansa. Wata ma'aikaciya mai suna Husna ta duba, fuskarta ta washe. "Baba, naka ya kai. Sakkwato zuwa Abuja, zuwa da dawowa."

Wallahi sai da ya dafa tebur. Ya ce, "Yarinya, Allah ya yi miki albarka. Rubuta Juliana Zakariya."

Ta tsaya. Ta sake dubawa. Ta ce a hankali, "Baba, tikitin ba ya fita sai da sunan mai katin."

"To ai matata ce."

"Na sani, Baba."

"Ni da ita abu guda ne. A gaban fasto aka faɗa, da shaidu."

Husna ta kira manaja, manaja ya buga waya sama, aka yi ta jira. Amsa ɗaya ce. Babu wanda ya yi masa rashin kunya, da ma an yi, da ya samu wanda zai yi wa faɗa. Ruwa ma suka ba shi. Ya tambayi kuɗin tikitin in saye za a yi, aka faɗa. Ya fito ya zauna a bakin baranda, dattijo da furfurarsa, hawaye suna zuba, masu wucewa suna ce masa sannu.

Alhaji Nasidi ya so ya taimaka, amma kasuwa ta mutu, shi ma cikin lalube yake. Samson kuwa duk abin da ke hannunsa asibiti ke jira. Dorcas ba za ta jira kowa ba.

Da ya gaya wa Juliana, ba ta ce ina alkawari ba. Da ta faɗa, da ya fi masa sauƙi. Cewa ta yi, "Ka yi iyakar ƙoƙarinka," ta tashi ta fara ɗaure kuka da daddawa da kanwar da za ta kai wa mai jego.

Da hantsi ya raka ta tasha. Ta kasa ɗaure bakin jaka, shi ya ɗaure mata. Zuciyarsa ta kasa ɗauka, ya ce wa ɗan kamasho a ba shi kujerar da ke kusa da ita, shi ma zai je, ya shiga ya zauna.

Juliana ta riƙe masa hannun riga. "A'a, Baban Dorcas. Sauka."

"Ba zan bar ki ke kaɗai a hanyar nan ba."

"Abigail tana makaranta," ta ce, ba ta dube shi ba. "In abin ya faru, a bar mata mutum ɗaya."

Ya sauka. Direba ya ce kowa ya yi addu'a, musulmi suka shafa, Juliana ta sunkuyar da kai. Mota ta fita daga tasha ta miƙi hanyar Gusau, shi kuma ya tsaya a inda ta bar shi, waya a hannu, bai san ko ya so ta yi ƙara ko kada ta yi ba.