Rigar Ƙanƙara da Aka Ba Zainabu

Har gobe ba zan manta da ranar da rigar nan ta shigo shagonmu na unguwar Utaibiyya a ƙasa mai tsarki ba. A 2016 ne, bayan aikin Hajji. Lokacin ni ce babba a teburin duwatsu, wato teburin masu manna ƙyalƙyali a abaya da rigunan amare. Duk aiki mai wuya ni ake miƙa wa.

Wata Balarabiya ce ta zo daga Jidda da 'yar riga shuɗiya mai talewa kamar roba. 'Yarta tana wasan zamiya a kan ƙanƙara, za ta je gasa ƙasar waje. Uwar tana so a zuba duwatsu daga kafaɗa zuwa ƙugu, kuma kada ko ɗaya ya faɗi, don yana iya kayar da yarinyar.

Har na share gabana. Sai mai shagon, Ummu Faisal, ta wuce ni ta ajiye rigar a gaban Zainabu, 'yar Maraɗi, wadda ni na koya wa riƙe sirinjin gam.

Ku da ba ku yi aikin ba, ga yadda yake. Ana tale yadin a kan allo kamar an sa shi a jiki, a ɗiga gam ɗan mitsitsi, a ɗauko dutse da tsinke mai kaki a baki, a dasa. In gam ya yi yawa dutse ya dushe, in ya yi kaɗan ya ɓalle. Ina gefe ina satar kallon Zainabu, ina jiran ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Ko shayin da ta zuba min ban iya sha ba.

Da na kasa haƙuri na sami Ummu Faisal. Na ce, "Laifin me na yi?"

Ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya Rabi. Layinki ya fara karkacewa. Je ki a duba miki ido."

Na je. Aka ba ni tabarau.

Bayan gasar matar ta dawo da bidiyo a waya. Yarinya tana juyi, riga tana walƙiya, shago ya ɗauki "Masha Allah". Zainabu ta kamo hannuna ta ce, "Yaya Rabi ce malamata." Matar ta ɗan gyaɗa min kai, ta juya ta rungume Zainabu. Wallahi da ba ta ambace ni ba da ya fi min sauƙi.

Daga nan ƙawayen matar suka riƙa kawo irin rigunan, kowa da sunan Zainabu a baki. Ni na koma kan abaya.

Ku 'yan baya, sana'ar nan ido take ci, kuma wadda kika koya wa ita za ta zauna a kujerarki. Na yi wa Zainabu barka a ranar, da bakina. Zuciyata kuwa sai da ta shekara kafin ta biyo baya.