Kafaɗar da Ban Taɓa Hawa Ba

Yau shekara bakwai cif da rasuwar mahaifina, Allah Ya jiƙansa. An saba a irin wannan rubutu a jero kyawawan halayen mamaci, kuma yana da su. Maɗinkin manyan riguna ne a Ƙofar Kuyambana, bai taɓa saɓa wa kowa alkawarin ɗinkin Sallah ba. Amma ni ƙorafi ne ya kawo ni. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To, nawa ya cika.

Ni ce 'yar fari. Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Zariya ya san abin da hakan ke nufi a gidaje irin namu. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Sai dai "ke", ko "yayarsu", ko ya yi gyaran murya in gane da ni yake. Kunyar ɗan fari ce, manya suna yaba masa a kai. Ƙanwata Nafisa kuwa, wadda na ba shekara huɗu, sunanta a bakinsa yake wuni kamar goro.

A gida ina iya shanyewa. Inda abin ke cina shi ne babban wurin shaƙatawar nan na bayan gari, mai itatuwan mangwaro da dalbejiya da hanyar da ta gangara har bakin ruwa. Duk kashegarin Sallah can yake kai mu a mashin. Nafisa a gaba, kan tanki, tsakanin hannuwansa. Ni a baya, riƙe da ƙarfe, don ko gefen rigarsa ban isa in kama ba. Da mun shiga sai ya ɗaga ta ya ɗora a kafaɗa, ta dafe hularsa, ni kuma a miƙo mini tabarma. Haushi kan sa in yi gaba abina, in kutsa cikin jama'a har sai na daina jin dariyarsu. Ko sau ɗaya bai ƙwala mini kira ba. Da wane suna zai kira?

Hoto huɗu muke da su na wurin, duka shi da ita. A guda ɗaya akwai gefen tabarma da wasu yatsu uku. Nawa ne.

Bana Nafisa ta matsa sai mun koma, na ɗauki 'yata ta fari, Amira, mai shekara uku, muka tafi. Itatuwan sun ƙara duhu, masu ɗaukar hoto sun ɓace, kowa da wayarsa. Na ga magidanta da gemunsu suna bin 'ya'yansu na fari a guje, wani har yana kiran tasa "Gimbiyata" a gaban surukarsa. Da Baba zai gani, na san kawar da kai zai yi, ya ce zamani riga ne. Ni kuwa, uwa guda, na tsaya ina kishin yarinyar da majina ke zuba a hancinta.

A bakin ruwa na kasa haƙuri. Na ce, "Ke dai kin more, Nafisa. Wurin nan kaf daga sama kika san shi."

Ta dube ni sheƙeƙe. "Yaya, kin san aikin da nake yi a saman?"

"Shan rake."

"Gadinki! Taku goma sai ya ce, 'Kina hango ta?' In ce e. 'Ba ta yi wajen ruwa ba ko?' In ce a'a. Ko lilo ban taɓa kallo da kyau ba saboda baƙin taurin kanki. Ranar da na ce ban gan ki ba, dire ni ya yi a gaban wata mai rake, ya ce ta riƙe masa ni, ya zura a guje. Ni da rake aka ajiye mu tare."

Na tuna ranar sarai. Ina zaune a gindin wani mangwaro ina cika ina batsewa, sai ga shi a kaina yana haki, takalmi ƙafa ɗaya, hula a hannu. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Ke, ina tabarmar?" Shekara goma sha wani abu ina ɗauka tabarma ya biyo.

Kada mai karatu ya zaci na huce. Ban huce ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, amma yaya za a yi da wanda ya hana ka fuskar? Kalma ɗaya da ta ishe ni, ya tafi da ita kabari. Nafisa ta san ɗumin wuyansa da ƙamshin hularsa. Ni rabona shi ne ya yi aron idon wata ya dube ni, kuma sai da ya shekara bakwai a ƙasa aka gaya mini. Har gobe ina kishin kafaɗar nan.

Shi ya sa nake kiran Amira da sunanta, da ƙarfi, har surukata tana tafa hannu tana cewa 'yan boko ba su da ta ido. Na rantse ba abin da zan gada na Baba a wannan fanni.

Sai dai da muka tashi tafiya, Amira ta fizge hannunta ta yi gaba cikin jama'a, kai a sama, ba waiwaye. Nafisa ta fi ni tsawo. Kafin in ankara na damƙi hannunta, na ji bakina yana cewa, "Kina hango ta?"

Allah Ya haskaka kabarinka, Baba. Sunana Rabi, ko da yake ashe ka sani.