Farin Fenti a Tirelar Yaya

Yayana mai walda ne. Duk shekarunsa na Riyadh a Birnin Masana'antu na Biyu ya yi su, a wata ma'aikata da ake ƙera ƙofofi da tankunan ruwa. Ni kuwa a unguwar Shumaisi nake, a shagon sayar da kayan asibiti, cikin sanyi da farar riga. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, daga Maraɗi, amma wanda ya gan mu tare sai ya ɗauka ɗauko shi na yi ya gyara mini ƙofa. Abin ma har daɗi yake mini a lokacin.

Idan sanyi ya shigo, mutanen garin nan kan ɗaura ƙaramin ɗaki mai taya a bayan mota, su fita cikin rairayi su gasa nama, su sha gahawa, su kwana. Kashta suke ce wa fitar. Yaya ya daɗe yana bin tirelolin nan da kallo, ranar nan ya ce shi ma sai ya ƙera tasa. Maigidansa ya bar masa ragowar ƙarafa da wani lungu a bayan ma'aikata. Kowace Juma'a, daga masallaci sai lungun nan. Tayoyi daga matacciyar akori-kura ya ciro su, taga kuma ta tsohuwar bas ce. Ba shi da mota, ni nake da ita, don haka muka shirya: shi da ƙira, ni da ja.

Ana haka aka sayar da ma'aikatar, aka buga masa bizar fita ta dindindin. Juma'a ɗaya ta rage masa a ƙasar. Tirela ta kammala, sai dai ba ta sha fenti ba, jan nan na hana tsatsa kawai ke jikinta. Ya kira ni a waya.

"Ƙanena, Juma'ar ga mu hita da ita hakanan. Ko sau guda in kwana cikin abina."

Na ce to. Har na gayyaci wani abokin aikina Balarabe da iyalinsa, don in nuna masa mu ma mun iya. Ranar Laraba da yamma na je duba inda za a ɗaura ta a mota. Da na gan ta ja wur, ga tabon walda ko'ina, sai na tuna fararen tirelolin da za mu tsaya kusa da su.

"Yaya, a haka za mu shiga cikin mutane? Ai sai su ce tankin ruwa muka jawo."

Da dariya na faɗa. Shi bai yi dariyar ba. Ya shafa jikinta da tafin hannu, ya ce, "Gaskiyarka. Ba ta yi kyan gani ba." Daga nan ya koma maganar ƙugiya da fitilun baya, ni kuma na manta na ma faɗi wani abu.

Ranar Juma'a na iso da nama da gawayi, yarana a baya suna ta murna. Tun daga bakin lungu warin fenti ya tare mu. Ya liƙe taga da jarida, ya naɗe hanci da rawani, bindigar feshi a hannu. Rabin tirelar ya riga ya zama fari.

"Yaya, me ke nan? Yau fa za mu fita."

"Ka ce ba ta shiga mutane. Yanzu tana shiga."

"To halas, ya isa, ajiye, mu tafi da ita a haka."

Ya girgiza kai. Fentin mai ne, ɗanye. Idan ta shiga rairayi kafin ya bushe, duk ƙasar da ta taɓa shi ta zauna ke nan, sai an kankare an sake. Ya ce ya zaci zai gama tun daren jiya, injin iska ne ya ƙi tashi sai da safe.

Na kira abokina na ba shi haƙuri. A lungun nan muka hura gawayi nesa da fenti, ni kuma na riƙe masa tiyo yana fesawa. Ba ya gaggawa. Shafi siriri yake yi, ya jira ya sha iska, ya sake bi, daga sama zuwa ƙasa, hannunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya don kada fenti ya zubo. Ina biye da shi kunya na cina. Naman ma a tsaye ya ci, da farin fenti a gashin girarsa.

A filin jirgi na yi ƙoƙarin ba shi haƙuri, ya katse ni. "Bari wannan. Dama don ɗiyanka na yi ta." Na karɓi maganar da sauri, don ta sauƙaƙa mini.

Sai da sanyi ya kusa fita na iya ɗaukar tirelar. Muka yi arewa da gari, muka tsaya a gindin wani tudun rairayi. Mutane biyu suka zo suna tambayar inda na saya. Bayan azahar yara suka tafi wasa, na shiga ciki don in ɗan miƙe. Gado ɗaya ne, na mutum ɗaya, an yanke katifa daidai da shi. Ni gajere ne, Yaya kuwa sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗaki. Na kwanta, na miƙe ƙafa iya ƙarfina, ban taɓo ƙarshen gadon ba.