Kwalabe Uku a Cinyarta

A bencin ɗakin karɓar magani wata dattijuwa na zaune, idanunta a rufe, kwalabe uku a cinyarta. Kamarsu ɗaya sak, rubutunsu ƙanana kamar tururuwa. Ta ɗaura wa kowacce zare: wannan ƙulli ɗaya, waccan biyu, ta ƙarshe uku. Tana lalube da yatsun da wanki ya cinye, leɓɓanta na ƙirga. Na rasa gane mata, don ɗazu na ga tana karanta takarda ba tabarau.

"Ɗana, rufe ido ka ba ni mai ƙulli biyu."

Na laluba na miƙa mata.

"Mai uku ce wannan," in ji ta. "Kai ke nan mai ƙuruciya! Maigida ba ya gani, ni kuwa gobe za a kwantar da ni."

Ta tsinke zaren da haƙori. Ta naɗe kwalba ɗaya da ƙyalle, ta ɗaura wa ta biyu makulli, ta bar ta uku haka nan. Ta rufe ido, hannunta bai yi kuskure ba. Sai ta juyo tana kallona.

"To, wacce ma suka ce ta safe?"