Baba Markus, Mai Raka Sababbin Direbobi Zaɓen Kamfani

Da hantsi za ka same shi a bakin tashar manyan motoci ta Zuru, zaune kan wata tsohuwar tayar tirela, rediyonsa a gefe. Kafin ya zauna sai ya zagaya motocin da suka kwana a tashar, yana ƙwanƙwasa tayoyi da guntun ƙarfe, yana leƙa ƙarƙashi ko mai na ɗiga. Ba wanda ya sa shi. Sunansa Markus, amma a tasha Baba kawai ake ce masa.

A bayan sitiyari ya yi ƙuruciya, a nan kuma furfura ta same shi, yana ɗaukar dawa da masara daga Bena da Danko zuwa Kudu. Da idonsa na hagu ya yi yana, sai ya miƙa makulli da kansa tun ba a ce ya miƙa ba. Bayan girbin bana zai koma gonarsa a Mahuta, shi ya sa ya kamata a faɗi alherinsa tun yana kusa, kunnensa na ji.

Kamfanonin jigila kan turo wakilai su ɗebi matasa, su koya musu tuƙin babbar mota, su nema musu lasisi, da sharaɗin za su yi wa kamfanin aiki na wasu shekaru. A Zuru, duk wanda aka yi wa irin wannan tayi, wurin Baba yake fara zuwa. Obiora, mai shagon kayan gyaran mota a ƙofar tasha, ya san mafarin abin. Ya ce Baba yana da ɗa, Abel, wanda wani kamfani ya ɗauka, aka yi masa horon shan ruwan tsuntsaye, aka damƙa masa tanka shi kaɗai. A wani gangare birki ya ƙi, Abel bai dawo gida ba. "Tun daga ranar," in ji Obiora, "ban ƙara jin Baba ya ambaci sunan yaron ba. Amma ban ga ya bar ɗan kowa ya tafi da ka ba."

Bara sai ga Gladys, matar wani soja da ya rasu a bakin aiki ya bar ta da yara biyu. Ta iya tuƙa ƙaramar mota tun mijinta na raye. Da ta ce tirela take son koya, 'yan tasha suka yi ta dariya. Baba bai yi ba. Ya matsa mata wuri ta zauna.

"Baba, kamfani biyu ne suka ce za su ɗauke ni," ta ce. "Na Legas sun ce kafin wata ya mutu na kama mota. Na Kaduna kuwa sai damina ta wuce ina bin wani direba. Ni na gaji da jira, yarana sun gaji."

"Ɗiyata, wa zai zauna kusa da ke ranar da za ki fara sauka gangare da lodi?"

Baba ya ci gaba da tambaya.

"In barci ya kama ki a hanya, kina da ikon ajiye mota? In kin ce birki bai yi miki ba, za a gyara ko za a ce ki lallaɓa? Yaushe za ki riƙa ganin yaranki?"

"Ba su faɗa ba, Baba."

"To, mu je mu ji."

Tsohon nan mai ido ɗaya ya bi ta har Kaduna a motar haya. Da suka isa bai nufi ofis ba, wurin mai shayin da ke bakin garejin kamfanin ya ja ta, inda direbobi ke karyawa. Ya bar su suka yi ta ƙorafinsu: albashi ba yawa, shugaban gareji da faɗa, ba ya barin mota ta fita sai ya gwada birki da ƙafarsa. Baba ya taɓa Gladys ya ce, "Kin ji? Irin wannan mafaɗacin nake nema miki." Game da na Legas kuwa, ya kira wani tsohon abokin tuƙinsa a waya, ya miƙa mata ta ji da kunnenta: sabon direba kan yi watanni bai ga gida ba, kuma shi kaɗai ake tura shi.

A hanyar dawowa Gladys ta yi ta kuka, don ta riga ta sa rai da saurin na Legas. Baba bai ce mata ga wanda za ta zaɓa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaranki sun yi rashin uba. Ki duba wanda zai riƙa maido musu da uwa." Ta zaɓi Kaduna, ta bar yaran wurin kakarsu, ta yi damina guda a kujerar gefe tana koyo.

Bana da kaka, sai ga Gladys ta shigo Zuru da lodin taki, ita ce a sitiyari. 'Yan tashar da suka yi dariya suka miƙe tsaye. Ta sauko ta durƙusa gaban Baba. Shi kuwa ya share ido da bakin riga ya ce, "Kin je kin ga yaran?"

"A'a, Baba, nan na fara tsayawa."

"Tashi maza ki tafi gida. Ni ba inda za ni."

Baba Markus, kai ne wanda aka yi wa rashi, bai mai da shi ɗaci ba. Kai ne ka san zafin jiran motar da ba za ta dawo ba, ka ƙi yarda wata uwa a Zuru ta ɗanɗana shi in dai da yadda za ka yi. Uban direbobi, bango majinginar marayu. Ba a taɓa kiran sunanka a taro ba, amma akwai gidaje a Zuru da Danko da ake cin tuwo da masu gida a raye saboda tambayoyinka.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa gonar Mahuta ta karɓe ka da albarka. Ku kuma tsofaffin direbobi da ke ko'ina, in kun ga yaro ko yarinya da tayin kamfani a hannu, kada ku tsaya kan "Allah ya kiyaye hanya". Ku matsa musu wuri su zauna, ku yi musu tambaya, in ta kama ku raka su.